Kwamfuta Mai Kilo Goma Sha Tara

Duk layin ba wanda yake tuna sunansa na gaskiya. Na-Sani ake ce masa, domin kafin ka rufe baki ya riga ya ce "na sani", ko da mafarkin da ka yi jiya kake ba shi labari. Aikinsa danna maɓalli ɗaya ne a shagon fotokwafi. Wata rana takarda ta maƙale a injin, ya ɗaga murfi ya zaro ta, tun daga ranar yake ɗaukar kansa injiniya, har ya sayi biro uku ya jera a aljihun gaba.

Ƙofa biyu daga shagonsu akwai shagon aski, a ƙasan benen Gwaggo, inda shi ma yake hayar ɗaki a sama. A kusurwar shagon askin, bayan wani ɗan gilashi, ƙanwar mai askin ke da teburinta na gyaran wayoyi da kwamfutoci. Auta ake kiranta. Ba ta da yawan magana, in tana kwance ƙusa ma sai ka rantse numfashi take bari. Saboda ita Na-Sani yake zuwa gyaran gefen kai sau uku a mako. Gefen kawai, domin tarin sumarsa ta sama ba ya bari a taɓa, ya ce ita ce rabin kwarjininsa.

Ranar Litinin yana kan kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ji mai aski yana shawara da ƙanwarsa. Yana so ya ajiye kwamfutar wasa a shagon, masu jiran layi su riƙa buga ƙwallo maimakon su gaji su tsallaka shagon gaba.

"Hanya uku ce, Yaya," in ji Auta, idonta na kan wayar da take gyarawa. "Ko ka sayi sabuwa a babban kanti, da garantin shekara, amma da tsada. Ko in sayo kayan ɗaya bayan ɗaya in haɗa maka, ya fi sauƙi, sai dai ka ba ni mako biyu. Ko ta hannu."

"Ita ta hannun fa?"

"Wata ta fi sabuwa ma. Amma ba na saya sai na buɗe cikinta, na sa mata wasan da ni na zaɓa, na bar ta ta yi awa guda tana gumi."

"Na sani," in ji Na-Sani daga ƙarƙashin ƙyalle. "Babban yaya, kada ka ƙona kuɗinka. Ni kwamfuta daga ƙararta nake gane ta. Ba ni kwana biyar in kawo maka wadda ta fi ta kanti, a rabin kuɗi."

"Ban haɗa uwa da kai ba, daina ce mini yaya. Sunkuyar da kai."

"Ko sisi kada ka bayar. Ni zan saya da kuɗina. Ranar Asabar a kunna ta gaban kowa, in ta yi sai mu yi magana."

Mai aski ya kashe injinsa ya dube shi ta madubi. Ya daɗe da gane cewa ba gefen kai ke kawo mutumin nan ba.

"To. In ta yi aiki ranar Asabar, askin salo kyauta ne gare ka. Kuma ni da bakina zan gaya wa Baba akwai wani mai hankali a layin nan da yake son ya zo gaisuwa."

Auta ba ta ɗago ba, amma wata ƙaramar ƙusa ta suɓuce mata ta gangara ƙarƙashin tebur. Na-Sani ya gani. Ya fita daga shagon yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta.

Ranar Talata ya fara da babban kanti, don ya ga abokan gaba da idonsa. Wata ma'aikaciya ta nuna masa sabuwa dal, ta fara yi masa bayanin abin da ke ciki.

"Na sani," ya ce. Ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya kara kunne, sannan ya ɗaga ta da hannu ɗaya. "Wannan kilo nawa ce?"

"Kilo? Ban taɓa jin an tambaya ba. Za ta yi tara."

"Tara. Wato kwali kuke sayarwa a wannan kuɗin."

"Yallaɓai, ba a auna ƙarfinta da nauyi. Kuma akwai garanti."

"Garanti na wanda bai san abin da yake saya ba ne. Ni ne garantin kaina."

Ma'aikaciyar ta karɓi kwamfutar ta mayar, ta goge wurin da ya taɓa.

Ranar Laraba da safe ya sayar da babur ɗinsa. Babur ne da ya yi shekara huɗu yana wankewa kowace Lahadi, amma ya gaya wa kansa cewa wanda zai zama surukin gidan su Auta ai mota ce a gabansa. Daga nan ya nufi kasuwar kayan hannu, can bayan masu tsofaffin firiji, inda ya sami wani dillali mai baƙin tabarau zaune a kan kwali.

Kwamfutar tana kan tebur tana walƙiya. Ja, kore, shuɗi, fitilu suna zagayawa kamar motar amarya. Gefenta baƙin gilashi ne, ta ciki kana hango fanka uku suna juyawa a jikin wani baƙin abu mai kauri.

"Daga ganinka ka san kaya," in ji dillali. "Tun safe mutane ke wucewa, ba wanda ya tsaya inda ka tsaya. Injiniya ne?"

"Haka suke cewa."

"Na faɗa. To ba sai na yi maka bayanin katin hoto ba, wancan baƙin. Shi ne ƙarfin wasa gaba ɗaya."

"Na sani." Ya rungume ta ya ɗaga, sai da jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ajiye yana haki, zuciyarsa fari tas. Wannan ita ce kwamfuta.

Dillali ya danna hoton ƙwallo sau biyu a kan allo, nan take fili ya bayyana, 'yan wasa a jere, 'yan kallo na ihu. Ya miƙa masa remot ɗin wasa guda, ya riƙe ɗayan.

"Naka na masu jan riga ne. An riga an saita komai."

Gaskiyar da Na-Sani bai taɓa gaya wa kowa ba ita ce bai taɓa riƙe irin wannan remot ɗin ba a rayuwarsa. Kallo kawai yake yi daga bayan mutane yana ba da shawara. Ya shiga danna duk abin da yatsansa ya samu. Minti biyu ba a yi ba wani mai jan riga ya yanke mutum uku ya zuba ƙwallo a raga.

"Kai, injiniya, ka tausaya mini mana," in ji dillali.

Na biyu da ka aka ci. Na uku daga nesa. Na huɗu bugun fanareti. Huɗu da nema. Na-Sani ya dubi yatsunsa da wani sabon girmamawa. Ashe duk shekarun nan baiwa ce kwance a jikinsa.

Alƙalin wasa na hura tashi dillali ya yi wuf ya danna wani maɓalli a kusurwa, allon ya koma yadda yake.

"Abu biyu zan gaya maka, duk da ka sani. Da an hura tashi ka danna wannan, kada ka bari ta wuce, zafi take ɗauka. Na biyu, ka ga wannan takardar da aka manna a kan ƙusoshi? Kada kowa ya buɗe. Iskar masana'anta ce a ciki, in ta fita shi ke nan."

"Na sani," in ji Na-Sani, ya miƙa kuɗin babur ko ragi bai nema ba.

Sai da ya fito bakin titi ya fara laluben makulli a aljihu, sannan ya tuna ya sayar da babur. Ya ɗora kwamfutar a ka ya kama hanya, rana tsaka. Bai yi nisa ba wata motar haya ta rage gudu a gefensa. Kyaftin ne, direban da duk layin suka sallama wa a wasan ƙwallon kwamfuta.

"Na-Sani, dako ka koma? Ina babur?"

"Yana hutawa."

"Shigo in rage maka hanya."

"Girgizar mota na lalata irin wannan. Ba za ka gane ba. Ka dai zo ranar Asabar, ka taho da hankici."

Ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi. A bakin layi ya tsaya wajen mai sayar da ƙusoshi da fenti, ya sa aka ɗora ta a sikeli gaban shaidu. Kilo goma sha tara. Ya sa mai ƙusoshin ya maimaita da ƙarfi, don masu wucewa su ji.

"Ta kanti tara ce," ya gaya wa jama'a. "Ninki biyu da ɗoriya, a rabin kuɗi. Ku yi lissafi da kanku."

"Ni dai nama na san ana saya da kilo," in ji mai ƙusoshi.

Ranar Alhamis da hantsi ya haɗa ta a ɗakinsa. Soket ɗaya gare shi. Ya jona kwamfuta, ya jona allon da ya aro daga shagon fotokwafi, da fanka biyu don kada ta ɗau zafi, da dutsen guga domin rigar Asabar, da butar dafa ruwa domin injiniya ba ya aiki ba shayi. Wani abu ya ce tas a ƙasan bene, gidan gaba ɗaya ya yi tsit. A ƙasa injin aski ya mutu a tsakiyar kan wani mutum. A sama talabijin ɗin Gwaggo ya ɗauke daidai lokacin da za a faɗi wanda ya sace jaririn a shirin da take kallo.

Gwaggo ta taho ɗakinsa da kanta, tana dafa bango.

"Ɗan nan, me ka kawo mini gida?"

"Gwaggo, ƙarfinta ne ya fi ƙarfin wayoyin gidan. Abin alfahari ne, in kin duba."

"Wata uku nake bin shirin nan. In ban san wanda ya sace yaron nan ba, kai zan ce."

Auta ce ta zo ta gyara wutar, ta cire guga da buta daga soket. Da wuta ta dawo ya zauna atisaye. Ya buga sau shida a ranar, duk huɗu da nema. Ya lura ƙwallayen suna kama da juna, na fari yanka, na biyu da ka, na uku daga nesa, na huɗu fanareti. Ya gyaɗa kai. Kowane babban ɗan wasa da salonsa.

Ranar Juma'a da yamma ya sauko da ita shagon aski, ya ɗora a teburin da aka tanada, ya lulluɓe ta da zanen gado. Mai aski ya fita sayen reza. Auta ta taso daga bayan gilashinta, abin da bai taɓa faruwa ba yana shagon, ta tsaya kusa da shi har yana jin ƙamshin sabulun hannunta.

"Ka buɗe cikinta kafin ka saya?"

"Ba a buɗewa. Iskar masana'anta."

"Ka gwada wani wasan ban da wanda ya nuna maka?"

"Me za a yi da wani? Wannan ya isa."

"Tunda ka fara bugawa, an taɓa cin ka?"

"Ko sau ɗaya." Ya gyara biron aljihunsa. "Ko ƙwallo ɗaya ba a taɓa zura mini ba."

Auta ta dubi zanen gadon, ta dubi fuskarsa. Ta rage murya.

"Bar mini ita minti goma. Yaya ba ya nan, ba kowa. Abin da na gani, ni da kai ne kawai."

Ni da kai. Kunnen Na-Sani ya tsaya a kan wannan, sauran maganar ta wuce ta saman sumarsa. Yarinya tana neman hanyar zama kusa da shi, in ji zuciyarsa, kuma namiji ba ya nuna rawar jiki.

"Auta, wayoyi daban, wannan daban. Wata rana zan zaunar da ke in koya miki."

"To," ta ce. Ta koma bayan gilashinta ta ɗauki wayar da ta riga ta gama gyarawa, ta sake kwance ta.

Asabar da hantsi shagon ya cika har bakin ƙofa, domin Na-Sani ya buga takarda hamsin a injin maigidansa ya manna a duk bangon layin. Mai ƙusoshi ya rufe shago ya zo. Gwaggo ta sauko aka ba ta kujera a gaba, ta ce tana so ta ga abin da ya cinye mata shiri. Kyaftin ya ajiye motarsa ya shigo yana murza yatsu.

Na-Sani ya yaye zanen gado. Fitilu suka kama, jama'a suka ce kai. Ya yi jawabi na minti goma a kan kilo, sannan ya miƙa wa Kyaftin remot na masu farar riga.

"Ba a zaɓen ƙungiya?" in ji Kyaftin.

"An riga an saita. Ta zamani ce."

Aka take wasa. Yanka, raga. Shagon ya ɗauki sowa. Kyaftin ya dubi remot ɗinsa, ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu.

"Wannan abin ba ya jin magana. Ina cewa dama yana tafiya hagu."

"Haka duk wanda aka ci yake faɗa," in ji Na-Sani, ko kallon allon ba ya yi sosai, yana leƙen kusurwar gilashi.

Da ka, raga. Daga nesa, raga. Fanareti, raga. Mutanen da Kyaftin ya shekara yana lallasawa suka samu abin da suke jira, har wani ya miƙa masa hankici da gaske. Aka hura tashi, Na-Sani ya danna maɓallin kusurwa, ya ɗaga hannu biyu sama.

Mai aski ya dube shi da mamaki, ya karkaɗe kujera.

"Alƙawari alƙawari ne. Zo ka zauna. Wane salo?"

"Wanda ake zuwa gaisuwa da shi, babban yaya. Yau na yarda a taɓa saman."

Wannan karon mai aski bai musa yayan ba. Ya ɗaura masa ƙyalle ya tsuke, ya kunna inji, ya fara daga gefen dama ya haura har tsakiyar kai. Suma ta fara zuba kamar ana sassabe.

"A sake," in ji Kyaftin. "Ban yarda ba. Wa zai karɓi jan?"

"Miƙo nan," in ji Gwaggo. "Tunda wutata ya sha, ni ma in ɗanɗana."

Aka yi dariya aka miƙa mata. Ta riƙe remot ɗin a kife, maɓallan suna kallon ƙasa. Wani ya danna hoton ƙwallo sau biyu, aka take.

Minti biyu, wani mai jan riga ya yanke mutum uku ya zuba a raga.

"Ni ce?" in ji Gwaggo.

"Ke ce, Gwaggo!"

Aka yi ta tafi. Amma da aka ci na biyu da ka, tafin ya ragu. Mai ƙusoshi ya matso kusa da allo yana ƙanƙance ido.

"Wannan mai tsaron gidan ai ɗazu ma haka ya faɗi. Har takalminsa ya cire."

"Salo ne," in ji Na-Sani daga kujera. "Salona ne ta riƙe."

Wayar Gwaggo ta yi ƙara. Ta ajiye remot a cinya ta ɗauka. "Alo? Ina wasan ƙwallo ne, yi sauri." Tana cikin tambayar lafiyar jikoki mai jan riga ya ɗaga ƙafa daga nesa, raga ta motsa.

Kyaftin ya dubi remot ɗin da ke cinyar Gwaggo. Ya sunkuya a hankali ya ajiye nasa remot ɗin a ƙasa, ya harɗe hannu. 'Yan wasa ashirin da biyu suka ci gaba da gudu, ba mai riƙe da kowa. Shagon ya yi shiru, sai ƙarar injin aski da ihun 'yan kallon cikin allo. Aka ba da fanareti. Mutum goma suka faɗa tare, a hankali, kamar masu amsa addu'a: "Kusurwar hagu." Ƙwallo ta shiga kusurwar hagu.

"Fasaha ce," in ji Na-Sani, muryarsa ta siranta. "Tana koyo da kanta. Ita ta kanti ba ta—"

Aka hura tashi. Ya zabura zai tashi, mai aski ya danne masa kafaɗa.

"A danna na kusurwa. Za ta ɗau zafi. Ku danna mana."

Ba wanda ya motsa. Filin ya ɓace, wani saurayi mai abin ji a kunne ya bayyana a allon, zaune a ɗakinsa, labule a bayansa, yana ɗaga wa jama'a hannu. Da wani harshe yake magana, amma kowa ya gane: godiya yake yi wa waɗanda suka kalli bidiyonsa.

"Wannan kuma ɗan wa ne?" in ji Gwaggo. "Shi ma na ci shi?"

Dariyar da ta fashe har a shagon gaba an ji ta. Kyaftin ya zame daga benci ya zauna a ƙasa yana share hawaye da hankicin da aka ba shi. Mai ƙusoshi ya rungumi ƙofa.

Mai aski ya kashe injinsa. "Auta, buɗe ta."

Ta taso da abin kwance ƙusa. Da ta zo wucewa ta gaban kujera ta ɗan tsaya, kamar tana jiran Na-Sani ya ce wani abu.

"Iskar masana'anta," ya ce a raunane.

Ta yaga takardar, ta kwance ƙusa huɗu, ta cire gilashin. Ta kashe wuta ta sa hannu biyu ta yanke wayar da aka ɗaure baƙin abin da ita, ta fito da shi ta dire a tebur. Teburin ya amsa. Ta kankare gefensa da farce, baƙin fenti ya tashi, ja ya bayyana. Bulo ne, na gini, guda biyu a manne da juna, an liƙa musu fanka uku.

"Sauran tsohuwar kwamfutar ofis ce," ta ce. "Za ta iya buga wasiƙa, in ba a matsa mata ba."

Mai ƙusoshi ya ɗauki bulon ya jinjina. "Kilo goma cif. To ka ga ta koma tara, daidai da ta kanti."

Mai aski ya kwance ƙyallen wuyan Na-Sani, ya karkaɗe, ya ninke.

"An gama. Tashi."

Na-Sani ya dubi madubi. Gefen dama fes, har yana ƙyalli. Gefen hagu suma tsaye kamar ba abin da ya faru.

"Babban yaya, ai saura rabi."

"Na rabin kuɗi ne. Mai bi, zo ka zauna."

Da azahar ya koma kasuwar kayan hannu a ƙafa, kwali a kansa yana kare rana da idon mutane. Inda dillali yake wata mata ce take sayar da tsofaffin takalma, ta ce ita tun bara take wurin, ba ta san wani mai tabarau ba. A hanyar dawowa babur ɗinsa ya wuce shi, sabon mai shi ya yi masa hon.

Kwana uku bai bi ta ƙofar shagon aski ba, ta baya yake zagayawa. A na huɗu ya shiga da hula har kunne. Bulon yana ƙasa an tokare ƙofa da shi, wani ya rubuta KATIN HOTO a jikinsa da alli. Auta tana bayan gilashi, gabanta kwalaye sababbi, ta fara haɗa wa yayanta tasa. Akwatin mai fitilu ne a gefenta, ta wanke shi.

"Akwatin yana da kyau," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Shi kaɗai ka saya daidai. Yaya ya ce zai karɓa."

Ya tsaya yana murza bakin riga. Ta ɗaga wani ɗan siririn abu kore tsakanin yatsu biyu.

"Mene ne wannan?"

Bakinsa ya buɗe da kansa, kalmomin nan biyu suka taho har bakin haƙora. Ya dubi bulon bakin ƙofa. Ya haɗiye.

"Ban sani ba."

Mai aski ya kashe injinsa. Mutumin da ake yi wa aski ya juyo da rabin gemu.

"Maimaita," in ji mai aski. "Ina so in gaya wa jikokina."

Auta ta tura masa wani ɗan faranti mai ƙananan ƙusoshi. "Riƙe wannan. Kada ka taɓa komai, kada ka ce komai. Da ka ba ni minti goman nan, da yanzu ni kaɗai ke maka dariya."

Ya riƙe farantin da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Gefen bakinta ya ɗan motsa, ta mayar da kai ga aikinta.

"Af, na manta," in ji mai aski. "Na ba Baba labarinka."

Ƙusoshin suka yi ƙara a farantin. "Me ka ce masa?"

"Komai. Da kilon, da iskar, da Gwaggo. Ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa. Ya ce lallai a kawo masa kai ranar Lahadi, yana so ya ga mutumin da ya sayar da babur ya sayi bulo, kafin ya mutu."

Kafin la'asar duk layin sun ji daga bakin Na-Sani cewa mahaifin Auta da kansa ya aiko a kira shi, wai labarinsa ne ya kai har can. Yana cikin gaya wa mai ƙusoshi karo na biyu Auta ta fito ta rufe teburinta, jaka a kafaɗa. Ta zo daidai su ta rage tafiya.

"Ƙarfe huɗu," ta ce. "Ya ce ka taho da bulon."

"Na sa—" Ya tsaya. "To."

"Kuma kada ka cire hular."